Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Sanatoci da 'Yan Majalisar Wakilai na Arewa Maso Gabas

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Masu girma, ranku ya daɗe. Ku 18 ne a Majalisar Dattawa, ku 48 a Majalisar Wakilai, kuna magana da yawun Borno da Yobe da Adamawa da Bauchi da Gombe da Taraba. Ni malamin makaranta ne a Maiduguri, kuma na rubuto muku ne a kan abin da yaƙin Boko Haram ya bari a jikin jama'arku, wanda ba ya fitowa a sanarwar da ake karantawa a rediyo. Sanarwar takan faɗi yawan 'yan ta'addan da aka kashe, da bindigogin da aka ƙwato, da adadin waɗanda suka miƙa wuya. Muna jin daɗin haka, muna kuma yi wa sojojinmu addu'a, don 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, da yawansu sun kwanta dama a Metele da Baga da dajin Sambisa. Amma akwai wani lissafin da har yau hukuma ba ta zauna ta yi ba: su waye suka mutu, su waye suka ɓace, wa ke tsare, wa ya rasa me. Muddin ba a yi wannan lissafi ba, zaman lafiyar da ake shelar an samu ba zai yi ƙarko ba.

Tun watan Yulin 2009 da aka yi artabu a Bauchi da Maiduguri da Potiskum da Wudil, aka kuma kashe Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda, yaron da aka haifa a lokacin yanzu saurayi ne. Bai san Borno ba tare da shingen bincike ba. Bai san lokacin da ake tashi daga Maiduguri da la'asar a nufi Gamboru ko Biu babu fargaba ba. A shekarar 2021 Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi ƙiyasin cewa zuwa ƙarshen 2020 rikicin ya ci rayuka kusan 350,000 a Borno da Yobe da Adamawa. Kimanin 35,000 ne kawai daga ciki harsashi ko bam ko wuƙa ta kashe. Sauran yunwa ce da cuta da rashin asibiti suka tafi da su, kuma mafi yawansu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Wato a kan kowane mutum ɗaya da aka kashe a hari, kusan tara sun mutu shiru a bukkar sansani ko a kan hanyar gudu, babu wanda ya kawo labarinsu a jarida.

Bari in fara da waɗanda suka ɓace, don a nan ne ciwon ya fi zurfi, kuma a nan ne ikonku na yin doka ya fi amfani. Ƙungiyar Red Cross ta duniya ta ce a duk Afirka babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan mutanen da aka kai mata rahoton ɓatansu, sama da 20,000, fiye da rabinsu kuma yara ne a lokacin da suka ɓace. Waɗannan su ne kawai waɗanda danginsu suka san inda za su kai ƙara. Wasu 'yan ta'adda suka kwashe, wasu sun ɓace a gudu lokacin da Bama da Gwoza da Mubi suka faɗi a 2014, wasu kuma jami'an tsaro ne suka ɗauke su a samame, ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Akwai wata baiwar Allah da ke sayar da ƙosai kusa da makarantarmu, 'yar gudun hijira ce daga wajen Bama. A bakin zanenta akwai ɗan ƙullin leda, a ciki hoton mijinta ne irin na katin zaɓe, ya koɗe har fuskar ta kusa gogewa. Duk wanda ta ji an ce ya fito daga tsare ko daga daji, sai ta kwance ƙullin ta nuna masa. Ba ta yi takaba ba, don ba a ce ya mutu ba. Ba ta yi wani aure ba, don ba a sake ta ba. Yaranta ba su ci gadon uba ba, ba a kuma rubuta su cikin marayu ba. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke bi, matar wanda ya ɓace za ta kai ƙara gaban alƙali, a yi cigiya, ta jira shekara huɗu, sannan ta yi idda. Dokar shaida ta ƙasa kuma tana ɗaukar mutum a matsayin matacce idan an shekara bakwai ba a ji labarinsa ba. Hanyoyin suna nan a littafi. To amma wace kotu za ta je, alhali garinsu babu alƙali, da wane kuɗi, kuma wa zai ba ta takardar da ke nuna ko mijin yana raye a wani ɗakin tsare? Irinta dubbai ne. Wasu matan sun haɗa kansu cikin ƙungiyar Knifar, suka tattara sunayen mazajensu da 'ya'yansu da hannunsu suka miƙa wa hukuma. Aikin da gwamnati ya kamata ta yi, matan da ke kwana a tanti ne suka yi shi.

Ina roƙonku ku kawo doka da za ta kafa rajistar waɗanda suka ɓace da waɗanda aka kashe, mai ofis a kowace ƙaramar hukuma, wadda za ta tilasta wa soja da 'yan sanda da jami'an farin kaya da gidajen gyaran hali su miƙa sunayen duk wanda ya taɓa shiga hannunsu saboda wannan rikici, da abin da ya faru da shi. Na san wannan magana tana da nauyi. A 2015 ƙungiyar Amnesty ta yi zargin cewa sama da mutum 7,000 sun mutu a tsare a hannun soja tun 2011, musamman a barikin Giwa, rundunar soja kuma ta musanta. To hanyar kashe gardamar ita ce a buɗe littattafan. Da aka fara shari'ar waɗanda ake zargi a Kainji cikin 2017, ɗaruruwa aka sallama saboda babu hujja a kansu, bayan sun share shekaru a kulle. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da uwa da ƙanne da suka ga yadda aka tafi da shi. Wanda ya ga haka, gobe in ya hangi baƙon fuska yana sayen man fetur a jarka zai kai daji, da wuya ya je ya faɗa wa soja. Kuma duk wani kwamandan da ya yi aiki a nan zai shaida muku cewa ba a cin irin wannan yaƙi sai da bayanan da mutanen gari ke kawowa.

Haka batun kuskuren da aka yi ta yi daga sama. A watan Janairun 2017 jirgin yaƙi ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann, mutum sama da 100 suka rasu, har da ma'aikatan agaji. A Disambar 2023 aka sake irinsa a Tudun Biri ta jihar Kaduna, a kan masu Mauludi. An amsa kuskure ne, an yi ta'aziyya. Amma babu wata doka da ta ce idan haka ta faru ga yadda za a bincika a bainar jama'a, ga diyyar da za a biya, ga wa'adin biyanta. Komai ya dogara da tausayin wanda ke kan kujera a lokacin.

Sai maganar tubabbu, wadda ita ce ake yi a kowace majalisa da kowane teburin mai shayi a Maiduguri, ko da ba ta isa zaurenku da irin zafin da ake yin ta a nan ba. Tun 2016 aka buɗe shirin gyaran halin tubabbu na Operation Safe Corridor, mai sansani a Malam Sidi ta jihar Gombe. Bayan mutuwar Shekau a watan Mayun 2021, dubun-dubatar mutane suka fito daga daji suka miƙa wuya, mayaƙa da matansu da yaransu da manoman da aka tilasta wa zama a ƙarƙashinsu. Ni ban ƙi a karɓi mai tuba ba. Duk wanda ya ajiye bindiga an rage mugun iri, kuma da yawa cikin waɗanda suka fito tun suna yara aka sace su, ba su zaɓi wannan rayuwa ba. Amma ku tsaya a matsayin wanda aka yanka mahaifinsa a gabansa. Yana kallo an koya wa tubabbe sana'a, an ba shi kayan aiki da ɗan jari, an mayar da shi gari. Shi kuwa ko buhun masara sai ya bi layi tun asuba. Ba a kira shi an tambaye shi abin da aka yi masa ba, ba a nemi gafararsa ba, an dai ce masa ya yi haƙuri. A addininmu ma yafe jini haƙƙin magada ne, ba na sarki ba. Idan gwamnati ta yafe a madadin mutane ba tare da ta saurare su ba, to ta bar gaba a kwance a cikin unguwa, kuma wata rana za ta tashi. Abin da ake bukata shi ne doka da ta bambanta wanda aka tilasta da wanda ya ba da umarnin kisa, ta kai na biyun kotu, ta ba waɗanda aka zalunta wurin da za su faɗi abin da ya same su a rubuta, ta kuma ware musu kaso a kasafin kuɗi wanda bai gaza abin da ake kashewa a kan tubabbu ba.

Matan da aka kuɓutar kuwa, nasu ya fi na kowa ɗaci. Duniya ta san 'yan matan Chibok 276 da aka sace ranar 14 ga Afrilun 2014, waɗanda har yau da dama cikinsu ba su dawo ba, ta san na Dapchi na 2018 da Leah Sharibu da aka riƙe. Amma dubban da aka kwasa daga ƙauyukan da ba su da suna a jarida, in sun dawo da goyo, sai a riƙa nuna su da baki ana cewa matan Boko Haram. Yaran da suka haifa ana kiransu da sunayen da ba zan maimaita ba. Waɗannan yara suna girma, suna jin abin da ake faɗa a kansu, kuma babu mai buɗe musu ƙofa sai waɗanda muke fatan kada su koma wurinsu. Wannan laifinmu ne mu jama'a, malamai da limamai da masu unguwa, amma ku ma kuna da murya a mazaɓunku.

Game da makaranta, wadda ita ce na fi sani. Hukumar UNICEF ta ce zuwa 2017 an kashe malamai 2,295, an raba 19,000 da muhallansu, an lalata makarantu kusan 1,400. An kashe ɗalibai a Mamudo da Gujba cikin 2013, aka bi yaran Kwalejin Tarayya ta Buni Yadi har ɗakin kwanansu a Fabrairun 2014. An sake gina azuzuwa da yawa, wasu ma sun fi na da kyau, ba na ƙin faɗin haka. Sai dai gini ba ya koyarwa. Malamin da ya ga an harbe abokin aikinsa ba ya son komawa ƙauye, uba kuma yana tsoron kai 'yarsa makarantar kwana. A ajina, ranar da tayar wata mota ta fashe a bakin titi, kafin in juyo daga allo yara da dama sun shige ƙarƙashin benci, wata yarinya ta toshe kunnuwanta tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, jikinta na rawa har aka tashi. Ba mu da ko mutum ɗaya a makarantar da aka horar don ya zauna da irin wannan yarinya. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri yana iya ƙoƙarinsa, amma mutumin Damasak ko Gulak ko Geidam yaushe zai kai kansa can? Shi ya sa matasa da yawa suka koma neman barci a ƙwaya.

Abin da ya faru a nan bai tsaya a nan ba. Satar ɗalibai da aka fara a Chibok ta zama sana'a a Arewa maso Yamma da jihar Neja: Ƙanƙara a Disambar 2020, Kagara da Jangebe da Birnin Yawuri a 2021, Kuriga a 2024. 'Yan bindigar can sun ga yadda gwamnati ke rawar jiki idan an taɓa makaranta, suka ɗauki darasi. An kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari a Maris 2022, aka fasa gidan yarin Kuje a Yulin 2022. Soja ya bazu a mafi yawan jihohin ƙasar yana aikin da na ɗan sanda ne, ya gaji, ya rarrabu. Makaman da aka ƙwace daga barikoki da waɗanda suka shigo ta iyaka ba za su ruɓe ba don an daina harba su a Borno. Kuɗin da aka ware don sayen makamai ma ya zama abin shari'a, kowa ya tuna da zargin dala biliyan 2.1 da ya taso a 2015. Ku ne ke amincewa da kasafin tsaro kowace shekara, kuma ku ne kundin tsarin mulki ya ba ikon bin sawunsa. Sojan da ke cikin rami a Marte yana da haƙƙi a kanku ku tabbatar abin da aka rubuta da sunansa ya isa hannunsa, matarsa kuma in ya faɗi ba za ta yi shekaru tana yawon ofis-ofis a kan haƙƙinsa ba.

Kada kuma a manta da 'yan gora. A 2013, lokacin da aka kafa dokar ta-ɓaci aka yanke layukan waya, samarin Maiduguri ne suka ɗauki sanduna da adduna suka fatattaki 'yan ta'adda daga unguwanni. Da yawa sun mutu. Yau dubbai ne, sun iya bindiga, sun saba da iko, mafi yawansu ba su da wata sana'a. Sun cancanci godiya ta zahiri, wato aiki da karatu da kula da iyalan waɗanda suka rasu, sannan duk wanda ya ci zarafin jama'a a cikinsu a hukunta shi. Barin su haka babu tsari, kamar barin garwashi ne a cikin toka a kwanta barci.

Tattalin arzikin yankin ma har yanzu bai miƙe ba. Binciken da gwamnati ta yi tare da Bankin Duniya a 2016 ya ƙiyasta ɓarnar da kusan dala biliyan 9, kaso mafi tsoka a Borno. Amma asarar da ta fi wannan ita ce ta hanyoyin neman abinci. Kifin Baga da ake lodinsa har Onitsha da Legas, shanun Gamboru, tattasan Diffa a maƙwabciyarmu Nijar, duk sun sha takunkumi don a toshe wa 'yan ta'adda hanyar kuɗi, sai talaka ya fi su jin jiki. An taƙaita takin zamani don ana haɗa bam da shi. An hana shuka mai tsayi a kewayen wasu garuruwa. Manomi ba ya wuce 'yan kilomitoci daga ramin da aka haƙa ya zagaye gari, in ya wuce kuma ya san abin da ya sami manoman shinkafa na Zabarmari a Koshebe cikin Nuwambar 2020, inda aka yi jana'izar mutum 43 a rana ɗaya. Ga nakiyoyin da aka binne a gonaki da hanyoyi, waɗanda ke tashi da mai itace da yaro mai kiwo. A wasu tsibiran Tafkin Chadi, ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, ita ce ke karɓar haraji daga masunta, tana yanke hukunci tsakanin masu rigima. Duk inda ɗan ta'adda ya zama shi ne alƙali kuma mai karɓar haraji, gwamnati ba ta dawo wurin ba tukuna, ko da tuta na kaɗawa a sakatariya.

Wannan ya kawo ni kan mayar da 'yan gudun hijira. Tun 2021 gwamnatin Borno ta fara rufe sansanonin cikin Maiduguri, kuma na fahimci dalilinta: mutum ba zai dawwama yana miƙa hannu ba, kowa yana son garinsu. Na ga dattawa suna kuka don murna ranar da aka ce za su koma. Amma komawa sai da tsaro. A Satumbar 2025 aka afka wa Darul Jamal a ƙaramar hukumar Bama, garin da ba a daɗe da mayar da mutanensa ba, aka kashe sama da mutum 60. Waɗanda ke Minawao a Kamaru da Diffa da yankin Baga Sola a Chadi suna jin irin wannan labari, kuma da shi suke auna ko su dawo. Ya kamata a ce akwai sharuɗɗa a rubuce cikin doka kafin a mayar da kowace al'umma: an share nakiyoyi, akwai 'yan sanda da kotu da asibiti da malamai, kuma wanda bai amince ya koma ba ba za a yanke masa tallafi don a matsa masa ba.

Ku kuka yi dokar da ta kafa Hukumar Raya Arewa Maso Gabas a 2017. Kuna da ikon kiran ta, da duk wata ma'aikata da ke karɓar kuɗi da sunanmu, su zo su faɗa a fili nawa suka kashe a kan gini, nawa a kan marayu da zawarawa da naƙasassu da masu fama da firgici da damuwa. Ina roƙon kwamitocinku su zo su yi zaman sauraron jama'a a Bama da Monguno da Gwoza da Buni Yadi da Michika, da Kanuri da Hausa da Fulatanci da Marghi da Shuwa, a bar mata su yi magana da bakinsu, Musulmi da Kirista, ba sai an zaɓo masu jawabi ba. Kuma kafin wannan majalisa ta cika wa'adinta, ku haɗa kai ba tare da duba jam'iyya ba ku gabatar da ƙudirin rajistar waɗanda suka ɓace da na diyyar waɗanda aka zalunta. In kun gabatar, ku buga shi da harsunanmu a karanta a rediyo, za mu bi shi daga karatu na farko har sa hannu, za mu kuma riƙe sunan kowane wakili da matsayin da ya ɗauka.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya bayyana waɗanda suka ɓace, Ya ba ku ikon sauke nauyin da kuka ɗauka.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin makaranta,
Maiduguri, Jihar Borno.